Yadda Malami Zai Gabatar da Al'ummar Sinawa ga Ɗaliban Babbar Sakandare

Da wuya a sami ɗalibin babbar sakandare a Kano ko Kaduna ko Damagaram da zai wuni bai taɓa wani abu da aka ƙera a ƙasar Sin ba. Wayar da ke aljihun yayansa, fitilar da yake karatu da ita idan an ɗauke wuta, babur ɗin da ya kawo shi makaranta, har da koren ganyen shayin da ake dafawa a majalisa bayan sallar Isha'i, akasarinsu daga can suka fito. Amma idan aka ce ya faɗi abu uku game da mutanen da suka yi waɗannan kayayyaki, yawanci amsar ba ta wuce cewa suna da yawa, sun iya faɗa a fim, kuma wai duk kamanninsu ɗaya. Wannan jagora an rubuta ta ne domin malamin da ke koyar da nazarin duniya, ko tarihi, ko labarin ƙasa, wanda yake son ɗalibansa su san Sinawa a matsayin mutane masu iyaye da kakanni, masu harsuna da addinai daban-daban, masu abin alfahari da abin takaici a tarihinsu. An tsara ta a kan darasi na minti 40, sau biyu a mako, na tsawon makonni shida, kuma an yi la'akari da ajin da ba shi da komai sai allo da alli.

Mataki na farko: a tono abin da ke cikin kan ɗalibai

Kada malami ya fara da jawabi. Ya raba wa kowane ɗalibi guntuwar takarda, ya ce a rubuta abu uku da aka sani game da Sinawa da tambaya guda ɗaya da ake son amsarta, ba tare da an sa suna ba. Rashin sa suna yana da muhimmanci, domin shi zai sa yaro ya rubuta ainihin abin da yake ji a gida da kasuwa, wanda ba zai iya faɗa a gaban malami ba. Bayan an tattara, sai a raba allo gida uku: abin da na gani da idona, abin da aka ba ni labari, da abin da na gani a fim ko a waya. Ɗalibai da kansu za su sanya kowace magana a gidanta, kuma nan take za su lura cewa gida na farko ya fi kowanne ƙarancin kaya. Malami ya adana takardun a ambulan, za a buƙace su a makon ƙarshe.

A wannan rana ce kuma za a kafa doka biyu da za su riƙe ajin har ƙarshe. Ta farko, ba a kwaikwayon maganar Sinawa don ba'a, ba a kuma jan gefen ido da yatsa. Malami ya bayyana dalili a natse, cewa mutumin da ake nazarin rayuwarsa yana da haƙƙin mutunci ko da ba ya wurin. Ta biyu, duk wanda ya ce “Sinawa sun yi kaza” sai ya fayyace wa yake nufi: jama'ar ƙasa, ko gwamnatinta, ko wani kamfani. Wannan rarrabewa ita ce ƙashin bayan darasin gaba ɗaya, kuma in ba a kafa ta tun farko ba, duk muhawarar da za ta biyo baya za ta zama hayaniya.

Akwai yiwuwar wani ɗalibi ya kawo maganar nan da ta shahara a bakin jama'a, ta neman ilimi ko da a birnin Sin. Malami ya karɓe ta da hannu biyu, ya kuma gaya musu cewa malaman hadisi sun raunana danganta ta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma yaɗuwarta na nuna cewa tun ƙarnoni da dama Musulmi sun san Sin a matsayin ƙasa mai nisa mai ilimi.

Mataki na biyu: taswira kafin komai

Ɗalibi ba zai fahimci mutane ba sai ya san ƙasar da suke takawa. Idan babu taswirar bango, malami ya zana a allo, ko ya fita da aji fili a zana da sanda a ƙasa, abin da ya fi zama a zuciyar yara. Faɗin ƙasar Sin ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 9.6, wato ya ninka na Nijeriya sau goma, kuma ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutum biliyan 1.41. Ya kamata a gyara wa ɗalibai tsohon bayanin da ke cikin littattafai da yawa, domin tun 2023 Indiya ta wuce Sin a yawan jama'a.

Daga nan sai a ja layi a karkace daga garin Heihe a arewa maso gabas zuwa Tengchong a kudu maso yamma. Wani masanin labarin ƙasa mai suna Hu Huanyong ne ya fara jan wannan layi a 1935, kuma har yau kimanin kashi 94 cikin 100 na jama'a suna zaune ne a gabashinsa, alhali yammacin ya fi faɗi. A tambayi ɗalibai dalili, kada a ba su amsa da wuri. Idan aka ƙara musu hamadar Gobi da ta Taklamakan da tsaunukan Tibet a yamma, sannan aka zana manyan koguna biyu, Yangtze mai tsawon kilomita 6,300 da Rawayen Kogi da ke arewa da shi, za su gano da kansu cewa ruwa da ƙasar noma ne suka tara mutane a gabas. Sai a ƙare da abinci: kudu mai damina da zafi ƙasar shinkafa ce, arewa mai sanyi kuma ƙasar alkama ce, inda ake cin taliya da burodin da ake turarawa. Wannan kaɗai ya isa ya rushe tunanin cewa duk Basine shinkafa yake ci safe da yamma.

Mataki na uku: su wane ne ake kira Sinawa

Gwamnatin Sin ta amince da ƙabilu 56 a hukumance. Ƙabilar Han ce mafi rinjaye da kimanin kashi 91 cikin 100, amma ragowar kashi 9 ɗin ya haura mutum miliyan 120, adadin da ya fi jama'ar yawancin ƙasashen duniya. Daga cikinsu akwai Zhuang a kudu, da Uyghur a jihar Xinjiang masu harshe dangin Turkanci, da Hui, da Miao, da Manchu, da Mongol, da mutanen Tibet. Malami ya raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki ƙabila ɗaya, ya nuna mazauninta a taswira, ya kuma kawo bayani a kan harshenta, addininta da sana'arta.

A nan ya dace a daɗe a kan Musulmin Sin, domin yawancin ɗalibanmu ba su san da su ba, kuma saninsu yana sauya yadda suke kallon ƙasar baki ɗaya. Ƙabilu goma daga cikin 56 Musulmi ne, kuma an ƙiyasta yawansu ya haura miliyan 20. Littattafan tarihin Sin sun rubuta zuwan tawagar Larabawa a shekarar 651, zamanin halifancin Sayyidina Usman. A Guangzhou akwai masallacin Huaisheng, wanda mutanen wurin ke danganta kafuwarsa ga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake masana tarihi ba su tabbatar da haka ba. A Beijing akwai masallacin Niujie da aka kafa a 996, a Xi'an kuma akwai babban masallaci mai rufin katako mai lanƙwasassun kusurwoyi irin ginin gargajiyar Sin, wanda baƙo zai iya wucewa bai gane masallaci ne ba sai ya ga rubutun Larabci a jikin bango. 'Yan ƙabilar Hui suna magana da Sinanci kamar maƙwabtansu, kuma gidajen abincinsu na halal, musamman masu sayar da taliya da romon naman sa irin na birnin Lanzhou, suna ko'ina a ƙasar. Sai malami ya cika hoton da cewa akwai mabiya addinin Buda, da na Tao, da Kiristoci, da miliyoyin da ba su bin wani addini, sannan jam'iyyar Kwaminis mai mulki ba ta yarda mambobinta su yi addini ba.

Kafin a rufe wannan mataki, a taɓo Sinawan da ke wajen babban yankin ƙasar: Hong Kong da Birtaniya ta mayar a 1997, da Taiwan mai gwamnatinta daban wadda Beijing ke cewa yankinta ne, da miliyoyin Sinawa 'yan ƙasashen Singafo, Malesiya, Tailan da Indonesiya. A kuma koya musu ƙa'idar suna: sunan zuri'a ne ke zuwa a farko, saboda haka a sunan Xi Jinping, Xi ne sunan gidansu.

Mataki na huɗu: ɗanɗanon harshe da rubutu

Darasi ɗaya ya isa, amma ya zama na aiki da baki da hannu. Ɗalibin da ke jin Hausa yana da wata dama da Bature ba shi da ita, domin Hausa da Sinanci duka harsuna ne masu karin sauti. Malami ya rubuta “kuka” a allo, ya ce a karanta ta da ma'anar hawaye, sannan da ma'anar bishiyar da ake miya da ganyenta. Ɗalibai za su ji cewa hawa da saukar murya ne suka raba ma'anonin biyu. Haka abin yake a daidaitaccen Sinanci da ake kira Mandarin, mai karin sauti huɗu: gaɓar “ma” tana iya nufin uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda aka furta ta. Yaron da ya gane haka ya daina jin maganar Sinawa a matsayin surutu marar kan gado.

Rubutun kuwa ba na baƙaƙe da wasula ba ne, kowace alama tana ɗauke da gaɓa ɗaya da ma'ana. A zana musu 人 mutum, 山 dutse, 木 bishiya, sannan a nuna yadda bishiya biyu a jere, 林, ke nufin kurmi. Kowa ya kwafa a littafinsa. A gaya musu cewa sai mutum ya san alamomi kusan 3,000 kafin ya karanta jarida a sauƙaƙe, su auna irin wahalar da yaron firamare ke sha a can. A 1958 aka fito da tsarin Pinyin na rubuta lafazin da haruffan boko, shi ne ake amfani da shi wajen buga saƙo a waya. A ƙara da cewa mai jin Mandarin ba ya fahimtar mai magana da Kantonis, harshen Guangzhou da Hong Kong, sai dai rubutu ya haɗa su.

Mataki na biyar: tarihi a kan igiya

Babban kuskuren da ake yi a nan shi ne a jera wa yara sunayen dauloli su haddace. Tarihin da aka rubuta na Sin ya haura shekara 3,000, ba zai shiga darasi uku ba, don haka dole a zaɓa. Malami ya samo igiya mai tsawon mita uku da rabi ya ɗaure a jikin bango, santimita ɗaya ya tsaya a madadin shekara goma, sai a riƙa rataya guntayen kwali a kanta. A farkon igiyar a sa daular Shang, wadda ta bar rubutu a kan ƙasusuwa da ƙoƙon kunkuru kimanin shekara 1,200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Sai Confucius, malamin da ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin miladiyya, wanda koyarwarsa a kan biyayya ga iyaye, girmama malami da adalcin mai mulki ta ratsa rayuwar Sinawa har yau. Sai shekara ta 221 kafin miladiyya, lokacin da sarkin Qin ya haɗa ƙasar a ƙarƙashin mulki ɗaya, ya daidaita rubutu da ma'auni da kuɗi. Sai Han, wadda ƙabila mafi girma ta samo sunanta daga gare ta, Tang daga 618 zuwa 907, Song daga 960 zuwa 1279, Yuan ta Mongol, Ming daga 1368 zuwa 1644, da Qing da ta faɗi a 1912.

A ƙasan igiyar, da kwali mai wani launi, a rataya shekarun da ɗalibai suka sani daga tarihinsu. Za su ga cewa sarautar Muhammadu Rumfa a Kano, daga 1463 zuwa 1499, ta faɗo a zamanin Ming, lokacin da ake gina mafi yawan sassan Babbar Ganuwa da masu yawon buɗe ido ke gani a yau. Za su ga jihadin Shehu Usmanu na 1804 da zuwan Turawa Sakkwato a 1903 duka a cikin zamanin Qing. Za su kuma ga cewa daga 1949 zuwa yau bai kai taƙi ɗaya a kan igiyar ba.

Daga tsohon zamani, a ɗauki labarin takarda a bi shi har ƙarshe, domin ya fi jerin ƙirƙire-ƙirƙire amfani. Ana danganta inganta yin takarda ga wani ma'aikacin fada mai suna Cai Lun a shekara ta 105. A ƙarni na takwas sana'ar ta isa Samarƙand da Bagadaza, daga nan ta bazu a duniyar Musulunci, ta ratsa zuwa Turai. Malami ya tambayi aji yadda ilimi zai kasance da har yanzu a kan fata ake rubutu. Haka kuma a ambaci jarrabawar ɗaukar ma'aikatan daula, wadda ta ɗore kusan shekara 1,300 kafin a soke ta a 1905, domin ita ce tushen girman da Sinawa ke ba jarrabawa.

Shekaru 200 na baya-bayan nan su ne suka cancanci darasi biyu cikakku, domin in ba da su ba, ɗalibi ba zai fahimci Basinen yau ba. A fara da yaƙin 1839 zuwa 1842, wanda Birtaniya ta yi don tilasta wa Sin karɓar ƙwayar maye ta ofiyom, ta kuma ƙwace Hong Kong. Sinawa suna kiran zamanin da ya biyo baya ƙarnin wulaƙanci, kuma ana koya wa kowane yaro shi a makaranta. Sai kafa jamhuriya a 1912 ƙarƙashin Sun Yat-sen, mamayar Japan daga 1937 zuwa 1945 da kisan gillar Nanjing, yaƙin basasa, da shelar kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin da Mao Zedong ya yi ranar 1 ga Oktoba 1949. Malami kada ya tsallake yunwar da ta biyo bayan shirin gaggauta masana'antu na 1958, wadda ta kashe gomman miliyoyin mutane, ko juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 da aka rufe makarantu aka wulaƙanta malamai. Bayan haka sai gyare-gyaren tattalin arziki na jagoran ƙasar Deng Xiaoping daga 1978, da mayar da Shenzhen yankin tattalin arziki na musamman a 1980. Bankin Duniya ya ce kusan mutum miliyan 800 ne suka fita daga matsanancin talauci cikin shekaru 40. A bar ɗalibai su riƙe ɓangarorin biyu tare, su yi tunanin tsohuwar da aka haifa a 1950, wadda ta ga yunwa tana yarinya, yau kuma jikarta na biyan kuɗin cefane da waya.

Mataki na shida: shiga cikin gida

Yanzu a bar sarakuna a koma kan talaka. Hanya mafi kyau ita ce a bi sa'an ɗaliban, wato yaro ko yarinya mai shekara 17 a ajin ƙarshe. Abin da ya mamaye rayuwarsa shi ne Gaokao, jarrabawar shiga jami'a da ake farawa ranar 7 ga Yuni, wadda sama da mutum miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024. Yana fita tun da sassafe, ba ya barin aji sai dare, kuma a ranakun jarrabawar ana hana hayaniya a kusa da cibiyoyi, iyaye kuma suna tsaye a bakin ƙofa suna jira. Mai yiwuwa shi kaɗai ne a wurin iyayensa, domin daga 1980 zuwa 2015 doka ta taƙaita yawancin iyalan birni ga ɗa ɗaya, ko da yake an sassauta wa ƙananan ƙabilu da mutanen karkara da yawa. A tambayi aji: idan kakanni huɗu da iyaye biyu duk sun dogara ga mutum ɗaya, wane nauyi ke kansa? Tun 2021 an yarda da 'ya'ya uku, amma haihuwa ba ta ƙaru ba, har yawan jama'a ya fara raguwa a 2022.

Idan kuma yaron ɗan ƙauye ne, wataƙila kakarsa ce ta rene shi, domin iyayensa suna cikin 'yan ci-rani kusan miliyan 300 da suka bar karkara zuwa masana'antu da wuraren gini. Tsarin rajistar mazauni da ake kira hukou yana ɗaure haƙƙin makaranta da asibiti ga garin da mutum ya fito, shi ya sa ake barin yara a gida. Waɗannan 'yan ci-rani su ne hannayen da ke haɗa wayoyin Tecno da itel da ɗalibai suka sani, waɗanda kamfanin Transsion na Shenzhen ke yi. Da yawansu sau ɗaya suke ganin gida a shekara, lokacin bikin sabuwar shekara da ke faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, inda tashoshin jirgin ƙasa ke cika maƙil, a share gida, a manna jajayen takardu masu fatan alheri a ƙofa, a ci abincin dare tare, manya su ba yara kuɗi a jan ambulan. A farkon Afrilu kuma akwai ranar Qingming ta ziyarar kaburburan kakanni da share su. Aikin gida a wannan mataki shi ne kowane ɗalibi ya rubuta wasiƙa ta shafi ɗaya zuwa ga irin wannan sa'a nasa, ya ba shi labarin ranarsa, ya kuma yi masa tambayoyi uku da ke nuna ya fahimci halin da yake ciki.

Mataki na bakwai: inda hanyoyinmu suka haɗu

Alaƙar ta girmi zamanin waya. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko, ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Quanzhou a 1345, kuma bayan shekara takwas ya yada zango a Takedda, a yankin Agadez na Nijar ta yau. Zheng He, jagoran jiragen ruwan daular Ming wanda aka haifa a gidan Musulmi a lardin Yunnan, ya jagoranci tafiye-tafiye bakwai tsakanin 1405 da 1433, jiragensa sun kai Mogadishu da Malindi a gabashin Afirka. A zamanin nan kuwa, attajirin Hong Kong Cha Chi-ming ne ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a shekarun 1960, Rediyon Sin ya buɗe sashen Hausa a 1963, Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing a 1971, Nijar kuma a 1974. Matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram ta fara aiki a 2011, layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da kamfanin CCECC ya shimfiɗa an buɗe shi a 2016, a 2019 kuma Masarautar Kano ta naɗa Wakilin 'Yan China. Har maganin zazzaɓin cizon sauro da ake rubuta wa ɗalibai a asibiti yana da alaƙa da wata Basiniya, Tu Youyou, wadda ta tato sinadarin atemisinin daga wani tsiro dangin tazargade, ta sami kyautar Nobel a 2015.

Mafi amfanin abin da malami zai yi a wannan mataki shi ne ya gayyato ɗan kasuwar da ke zuwa Guangzhou ko Yiwu saro kaya, ko wanda ya yi karatu a wata jami'ar Sin, ko ma'aikacin da ya yi aiki tare da Sinawa. Ɗalibai su shirya tambayoyi tun kafin ranar, malami ya duba su, a kuma nemi izinin shugaban makaranta. A roƙi baƙon ya ba da labarin mutane: yadda ake ciniki, inda yake sallah, abin da ya ci, wanda ya kyautata masa da wanda ya ƙuntata masa.

Mataki na takwas: batutuwa masu zafi

Ɗalibai za su tayar da su ko malami ya so ko bai so ba, kuma kauce musu yana zubar da amincin darasin. Akwai batun Uyghur: a ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa an aikata munanan take haƙƙi a Xinjiang, ciki har da tsare mutane masu yawa ba bisa ƙa'ida ba, gwamnatin Sin kuma ta yi fatali da rahoton, ta ce cibiyoyin koyon sana'a ne don yaƙi da ta'addanci. Akwai murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a 1989, wadda ba a yarda a tattauna ta a fili a cikin ƙasar ba. Akwai korar 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou a Afrilun 2020, lokacin annobar korona, abin da ya fusata hukumomin Nijeriya. Akwai kukan marina da masaƙa a kan atamfa da shadda masu araha da suka cika Kantin Kwari, da cinikin fatar jaki da ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta haramta yanka su don fata a 2024.

Ga kowane batu, malami ya kawo rahoto biyu daga kafofi biyu, misali ɗaya daga sashen Hausa na Rediyon Sin, ɗaya daga BBC ko DW ko RFI, ya sa ɗalibai su amsa tambayoyi huɗu: wa ya rubuta, wa ke ɗaukar nauyinsa, wa aka ji ta bakinsa, wa aka bari ba a tambaya ba. Sannan a koma kan dokar ranar farko, a tantance ko gwamnati ce ta yi abin, ko kamfani, ko wasu ɗaiɗaikun mutane. A batun kayan da ba su da ƙarko, ya dace a tuna musu cewa masana'anta tana yin kaya ne daidai kuɗin mai saye, kuma sau da yawa ɗan kasuwarmu ne ke neman mafi araha. A batun masaƙu ma, rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri suna da nasu kason. Ra'ayina shi ne malami ya faɗi gaskiya a kan zalunci a duk inda ya tabbata, ba tare da ya bari an ɗora laifin hukuma a kan manomin da bai taɓa barin ƙauyensu ba.

Mataki na tara: auna abin da aka koya

A makon ƙarshe a buɗe ambulan, a raba takardun ranar farko ba tare da zaɓi ba, kowane ɗalibi ya ɗauki magana ɗaya daga takardar da ta faɗo masa, ya rubuta shafi biyu yana bayyana ko gaskiya ce, ko rabin gaskiya, ko ƙarya, tare da hujja daga abin da aka karanta. Wannan rubutu ya ɗauki maki 40 cikin 100. Aikin rukuni a kan ƙabilu ya ɗauki 20, wasiƙa 15, cike taswira marar suna da koguna biyu, birane biyar da jihohin Xinjiang da Tibet 15, sauran 10 kuma na shiga muhawara cikin ladabi. Wajen duba rubutun, malami ya rage maki ga duk jimlar da ta fara da “duk Sinawa” ba tare da hujja ba, ko yabo ce ko suka, ya kuma rubuta wa ɗalibin a gefen takarda tambayar da za ta sa ya gyara: wanne daga cikinsu, a wane lardi, a wace shekara.